Dabinon da ake rataya wa tulu a Bangladesh ba irin namu bane

Wani bawan Allah daga Jigawa ya turo min bidiyo da tambaya. Ƙaninsa na karatu a Gazipur ta ƙasar Bangladesh, shine ya ɗauko masa wasu mutane suna hawa dabino da igiya a ƙugu, su fere wuyan bishiyar su rataya tulu, da asuba su sauke shi cike da ruwa mai zaƙi a dafa ya koma kamar mazarƙwaila. Shi kuma yana da dabino guda 11 a gonar gado, yace shin dabino ɗaya ne da namu, zai iya gwadawa a nasa, in kuma ba zai yiwu ba ko ya sa yaron ya taho masa da irin?

Toh Malam, kafin komai dan Allah ka mayar da wuƙar nan kube, kar ka taɓa wuyan dabinonka ko guda ɗaya sai ka karanta wannan har ƙarshe. Abinda ka gani a bidiyon nan ɗan'uwan dabino ne amma ba shi bane. Mutanen Bengal suna ce masa khejur, a littafin ilimin tsirrai kuma sunansa Phoenix sylvestris, kalmar ta biyun ma'anarta na daji, kaga kenan dabinon daji. Namu da muke buɗa baki da shi shine Phoenix dactylifera. Dangin nasu gaba ɗaya kusan iri 14 ne a duniya, kuma mu ma muna da namu na dajin, wato kajinjiri da ke fitowa a fadama da bakin rafi wanda wasu ke cewa dabinon biri. Shi wannan na Asiya asalinsa Indiya ne da Pakistan da Bangladesh da Nepal har zuwa Myanmar, yana fitowa da kansa a gefen gona, kan kunya, bakin kududdufi, gefen titin jirgi, ba wanda ya shuka da yawansu. Masanin tsirran nan Linnaeus ya fara rubuta shi a 1753 da wani suna daban, sai William Roxburgh wanda ya riƙe lambun tsirrai na Kalkata ya maido shi cikin dangin dabino a littafinsa da ya fito a 1832.

In ka sake kallon bidiyon da kyau za ka gane da kanka. Dubi gindin bishiyar, ba za ka ga 'ya'ya suna tsirowa ba, shi tilo yake tashi har ya mutu, saɓanin namu da ke fitar da 'ya'ya a gindi ana cirewa ana dasawa. Wannan kaɗai ya isa ya raba su, domin shi na dajin ta ƙwallo kawai ake samunsa. Kansa cunkus yake da zarɓa kamar an kifa masa lema, launin ganyen kore ne mai ratsin toka, tsayinsa yawanci daga mita 4 zuwa 15, bai kai namu ba in namu ya tsufa. 'Ya'yansa kuwa abin tausayi ne wallahi, ba su wuce gaɓar ɗan yatsa ba, ƙwallon ya cinye wajen, naman ɗan siriri ne kamar an shafa. Na ci, da ɗan zaƙi da ɗan bauri, yara da tsuntsaye ke rububinsa. Shi yasa duk azumi Bangladesh sai ta shigo da dabinon ci daga ƙasashen Larabawa alhali ga bishiyoyin nan ko'ina. Dalilin kuwa ruwan sama ne. Larabawa na cewa dabino ƙafarsa a ruwa kansa a wuta, wato yana son danshi a saiwa amma in ruwa ya sauka kan nonon lokacin nuna sai ya tsage ya ruɓe, ku mutanen Dutse kun san bambancin na rani da na damina ba sai na faɗa ba. Yankin Jashore da ya fi shahara da wannan sana'a yana samun ruwan sama sama da milimita 1,500 a shekara, namu dabinon ba zai yi abin kirki a can ba, shi kuwa na dajin ko a jikinsa.

Da can masana da dama sun ɗauka shine kakan dabinon da muke ci, aka yi ta rubuta haka. Binciken ƙwayar halitta na shekarun nan ya nuna 'yan uwa ne na kusa sosai amma wani bai haifi wani ba, har ma an gano ragowar dabinon dawa na ainihi a duwatsun Oman. Wannan dai na faɗa ne saboda kar wani ya zo ya ce maka ai shine asalin dabino.

Yanzu ga yadda aikin yake, domin bidiyon minti ɗaya ba zai nuna maka wahalar ba. Na yi sanyin shekara guda a wani ƙauye kusa da Jashore lokacin ina bin aikin bishiyoyin nan, kullum ina bayan wani dattijo mai hawa. A Bangladesh ana ce musu gachhi, a ɓangaren Indiya na Bengal ta Yamma kuma shiuli. Ba a taɓa bishiya sai ta kai shekara 6 ko 7. Wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba mai hawa zai sare zarɓar gefe ɗaya na wuyan, gefe ɗaya kawai, ya kankare har farin jikin ya bayyana kamar faɗin tafi biyu, sai ya barshi ya sha iska kwanaki ya bushe. Bayan nan ya dawo da wata wuƙa mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje, wadda yake wasawa a jikin wani katako da yashi har sai ta iya aske gashin hannu, ya shata layi biyu da suka haɗu a ƙasa kamar bakin kibiya, ya soka ɗan tsagin gora a mahaɗar, ya rataya tulun ƙasa a ƙarƙashi. Da la'asar ake yi. Ruwan sai ya dinga tsattsafowa daga fatar da aka fere yana bin layin yana ɗiga cikin tulu har asuba, bishiya mai kyau ta bada lita 2 ko 3 a dare ɗaya, wata ta fi haka.

Abinda ya bani mamaki shine siririn abinda yake ferewa kullum. Na karɓi ɓawon a hannuna, wallahi kamar ɓawon albasa, kana ganin haske ta ciki. Dattijon nan yana rataye a sama igiya ta zagaye ƙugunsa da bishiyar, ƙafa ba takalmi, kwandon wuƙaƙe a bayansa, hannu biyu a kan wuƙa, amma ba ya zarce wannan kaurin. Da na tambaye shi sai ya nuna min wata bishiya a gefen kududdufi da kanta ya karye ya faɗi, yace wani yaro ne mai gaggawa ya zurfafa yanka. Kuma ba kullum ake tatsa ba, kwana 3 ana yi sai a bar bishiya ta huta kwana 3 ko fiye. Ruwan daren farko bayan hutu shi suke kira jiran, shine garau mai ƙamshi wanda ake yin suga mai tsada da shi, na dare na biyu ya ɗan ragu, na uku kuwa ya fara gurɓacewa sai dai a yi na arha. Shekara mai zuwa sai a koma ɗaya gefen. Shi yasa in ka ga tsohuwar bishiya a can jikinta duk tsani-tsani ne hagu da dama kamar an sassaƙa matakala, kana iya ƙirga shekarun da aka yi ana tatsarta da ido, wata sama da 20.

Sana'ar ta sanyi ce zalla, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Daren da aka yi sanyi sosai kuma sama tayi garau ruwan yafi yawa yafi zaƙi, daren da aka yi gajimare ko ɗumi sai ka ga fuskar masu hawa a murtuke tun kafin su sauke tulu. Tulun ma sai an gyara shi, a wanke a kifa a kan wutar kara ya sha hayaƙi, wasu su shafa farar ƙasa a ciki, duk don kar ruwan ya yi tsami kafin gari ya waye.

Dafuwar kuma yawanci matan gida ne. Wani faffaɗan kasko ne na ƙarfe mai kusurwa huɗu a kan murhun ƙasa, a tace ruwan da ƙyalle a zuba, a yi ta tura busasshiyar zarɓa da karan shinkafa awa 2 zuwa 3 ana kwashe kumfa. Ruwan da ya fara fari kamar ruwan kwakwa sai ya koma ruwan zuma sannan ja. In aka sauke shi yana malala shine nolen gur, wato sabon suga, wanda mutanen Kalkata ke haukacewa a kai duk sanyi suna zubawa a alawar madararsu da ake ce wa sandesh da wani dunƙulen shinkafa na garin Joynagar. In ana son mai tauri sai a ƙara dafawa, daga nan uwargida ta ɗebi kaɗan ta ja shi gefen kaskon ta yi ta murzawa da ludayin katako har ya yi fari ya fara yashi-yashi, sai ta maida cikin sauran ta juya, nan take duk kaskon ya fara kamawa a zuba a mazubi ya daskare. Wannan shine patali, shine wanda ka gani kamar mazarƙwaila. Lissafin da za ka riƙe shine sukarin da ke cikin ruwan bai wuce kashi 10 zuwa 14 cikin 100 ba, saboda haka sai ka ƙone wajen lita 8 zuwa 10 kafin ka samu kilo ɗaya. Ka fara tunanin itacen da zai ci tun yanzu.

To me zai hana ka yi a naka? Ruwan zai fito, ba zan maka ƙarya ba. A kudancin Tunisiya wajen Gabes da kuma Libiya suna tatsar dabino irin namu, suna kiran ruwan lagmi, a tsibirin La Gomera na ƙasar Sifen ma suna yi da wani ɗan'uwansa. Amma ka tambayi wace bishiya suke yi wa haka, za ka tarar namiji ne da ya yi yawa, ko tsohuwar da ta daina haihuwa, ko wadda 'ya'yanta ba su da kasuwa. Ba mai hankalin da zai taɓa macen da ke bashi kilo 50 ko fiye duk shekara. Dalili shine ruwan nan da kake tara a tulu shine abincin da ganye ya haɗa wanda zai tafi ya zama fure ya zama dabino, in ka kwashe shi a wuya to ka ci nonon bana tun bai fito ba, wani lokacin har na baɗi. Na biyu kuma dabino ba kamar mangwaro ko darbejiya bane da za ka sare reshe wani ya tofo, zuciya ɗaya gareshi a can tsakiyar kai, daga nan duk sabon ganye ke fitowa, wuƙa ta kuskure ta taɓa wajen shikenan bishiyar da kakanka ya shuka ta tafi. Na uku, rauni a jikin dabino gayyata ce ga ƙwaron nan mai dogon baki da ke saka ƙwai a cikin kututture, tsutsarsa ta cinye ciki kai baka sani ba sai ranar da iska ta kwantar da kan. Muna da irin namu na Afirka da ke damun kwakwar manja, ƙamshin ruwan da ke tsami shi ke kiransa. Su mutanen Bengal sun yarda da wannan cacar ne saboda 'ya'yan nasu ba kuɗi, arzikin bishiyar a wuyanta yake, kai kuwa naka a nono yake.

In cikin 11 ɗin nan kana da maza 4 ko 5, wanda hakan na faruwa sosai ga wanda aka shuka da ƙwallo tunda kusan rabi maza ke fitowa, to namiji ɗaya mai kyau ya ishi matan da suka ninka naka in kana barbara da hannu. Ragowar mazan in ka ga dama ka yi wasa da ɗaya, asarar ba ta da yawa. Ni dai ban ga ribar ba, kuma ba wanda ya iya yankan a kusa da kai da zai koya maka.

Sai maganar shan ruwan ɗanye, nan ne nake so ka kira ƙaninka yau ɗin nan ba gobe ba. Abu na farko mai sauƙi ne, da asuba ruwan zaƙi ne kawai, musulmin can suna sha da sanyin safiya kamar yadda muke shan ruwan rake, amma da rana ta ɗaga zai fara kumfa da tsami, kafin la'asar ya zama abinda suke kira tari, wato bammi sak, yana bugarwa, hukuncinsa kuma kowa ya sani. Abu na biyun shine mai kisa. Manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace sun gano tulun nan tuntuni, da dare suke zuwa su lashi wajen da aka fere, su yi fitsari a ciki, masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta icddr,b da ke Dhaka sun kafa kyamarar dare sun ɗauke su suna yi. Jemagun nan suna ɗauke da ƙwayar cutar Nipah, su ba ta musu komai, mutum kuwa zazzaɓi ne da ciwon kai sai ruɗewa sai suma saboda ƙwaƙwalwa ke kumbura. An fara gano cutar a Malesiya a 1998 zuwa 1999 a wajen masu kiwon alade, mutum sama da 100 suka mutu. A Bangladesh ta ɓulla a 2001 a Meherpur, kuma tun daga nan kusan duk sanyi sai an samu, ɓarkewar Tangail ta 2005 ce ta fara nuna wa likitoci cewa ruwan khejur ne hanyar. Mutum sama da 300 suka kamu a ƙasar zuwa yanzu, kusan 7 cikin kowane 10 sun rasu, kuma tana tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinya kamar yadda aka gani a Faridpur a 2004. Ba allurar rigakafi da aka amince da ita har yau.

Ni kaina na sha kafin in san girman abin, Allah ne ya tsare. Wata safiya ina tsaye aka sauke tulu, ga baƙin kashin jemage yana yawo a sama, wani yaro ya sa ƙyalle ya tace ya miƙo min kofi yana murmushi, tun ranar ban ƙara ba. Tacewa ba ta cire ƙwayar, sawa a firij ba ta kashe ta, barinsa ya zama tari ma ba ya hanawa. Wasu masu hawa suna ɗaura wani ɗan asabari na gora ya rufe wajen yankan da bakin tulun, yana rage zuwan jemagun sosai, amma kai mai saye a bakin titi ina ka san wanda ya ɗaura da wanda bai ɗaura ba, kowa zai rantse maka nasa a rufe yake. Wuta ce kawai maganin abin, wanda aka tafasa da sugan da aka dafa ba matsala ko kaɗan. Kar kuma ka ce ai wannan can ne, jemagun da ke cika bishiyoyin garuruwanmu an gwada irinsu a Ghana an samu alamar dangin wannan ƙwayar a jininsu. Ba a taɓa samun ɓarkewar Nipah a Afirka ba, ni kuma bana so a fara jarrabawa da tulun da aka rataya a Jigawa.

Maganar kawo iri kuwa, zai iya tsirowa a wajenmu, tunda a Indiya ma yana rayuwa a busassun wurare irin Rajasthan da Gujarat in akwai danshi a ƙasa, kuma sanyin hunturunmu zai taimaki ruwan. Amurkawa ma sun kwashe shi suna jerawa a titunan Florida don ado. Amma dangin dabino basu da kunya wajen barbara, kowanne na hawa kowanne, in namijin dajin nan ya girma kusa da gonarka iska ta kai garinsa kan matanka, ƙwallon da zai fito ruwa biyu ne, mu kuma mutanenmu har yanzu da ƙwallo suke shuka, sai bayan shekara 6 ko 7 mutum ya tarar ya raini dabino mai ƙwallo ba nama, shi da maƙwabtansa. Dashe mai rai kuwa kar ma a fara, jan ƙwaron dabino da ya addabi Saudiyya da Masar asalinsa daga wannan yankin na Asiya yake, ya shiga ƙasashen Gulf a tsakiyar shekarun 1980 ya isa Masar a 1992, kuma a cikin dashe ya yi ta tafiya. Mu a Najeriya mun riga mun ga irin wannan, a 1906 Turawa suka kawo wata kwakwar fadama daga Singafo suka dasa a Kalaba don tare zaizayar ƙasa, yau ta mamaye bakin tekun can tana kashe itatuwan asali, an rasa yadda za a yi da ita. Ko ƙwallo ne ma doka ta ce sai da izinin hukumar da ke tantance tsirrai a filin jirgi, kar yaro ya dawo da digiri a tsare shi saboda ƙullin iri.

Kuma ko an kawo ya girma, da me za ka dafa? Su can suna kuka bishiyoyin na ƙarewa saboda masu gasa bulo na saye suna ƙonawa, matasa kuma sun ƙi gadon hawan. Kai da ke wajen da itacen girki ya zama abinda ya zama, ga mazarƙwailar Maƙarfi a kasuwa wadda rake ke bayarwa cikin shekara ɗaya. In kuɗi kake nema a dabino ka shiga Dutse wajen reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, da ke aikin dabino ka nemi shawara kan iri mai kyau, ka rage mazan ka cike gurbinsu da 'ya'yan gindin macen da ka san daɗinta.

Shi kuma ɗalibi in zai dawo hutu ya taho maka da patali kilo ɗaya ko biyu ka ɗanɗana, yana da wani ƙamshi kamar hayaƙi da zuma wanda mazarƙwaila bata da shi, a kunun gyaɗa ba a magana. Sai dai ya kula, algus ya yi yawa, ana narka farin suga a ciki saboda ya fi arha. Ya danna da babban yatsa, na gaskiya yana da duhu kuma yana lotsawa, wanda ya ga yana ƙyalli ya yi fari-fari da tauri kamar dutse ya ajiye musu kayansu. Ya saya a watan Disamba ko Janairu, ya naɗe a leda biyu, in ya iso ka sa a firij don da zafinmu ya taɓa shi zai fara narkewa.